Ana iya haɗa adireshin IP na dindindin da wanda rauta ke rabawa da kanta?

Tambayar da aka turo: "Assalamu alaikum. Ina da rauta TP-Link a gida, akwai firinta a ɗan ofis ɗina na zaure, akwai DVR, wato akwatin da ke naɗar hoton kamarori, sai wayoyin iyali da na baƙi. Wanda ya haɗa min kamara ya sa wa DVR ɗin lamba 192.168.0.105 da hannu. To wani lokacin, musamman in an dawo da wuta, sai kamara ta ɓace a wayata, firinta ma ta ƙi bugawa sai an yi ta kashewa ana kunnawa. Wani ya ce min wai haɗa sitatik da DHCP ne matsalar, in kashe DHCP ɗin gaba ɗaya in ba kowa lambarsa da hannu. Gaskiya ne ba a haɗa su?"

Wa alaikumus salam malam. Dan Allah kar ka kashe DHCP ɗin nan, shi ne tsarin da rauta ke raba wa na'urori lambar IP da kanta, wato adireshin kowace na'ura a natwok, sitatik kuma ita ce lambar dindindin da ake sawa da hannu. Ana haɗa su sarai, kai duk gida ko ofis da aka yi wa aikin natwok mai kyau haka za ka same shi, wasu na'urorin da lambar dindindin wasu kuma rauta ke ba su aro, ita kanta rautar ai 192.168.0.1 ɗinta dindindin ce ba wanda ya ara mata. Abin da ke ba ka wahala shi ne wurin da mai kamara ya ajiye 105 ɗin nan, sai kuma firinta da nata ciwon daban, zan zo kanta.

Ka shiga rautar ta burauza, ka rubuta 192.168.0.1, ka nemi shafin DHCP. In ba a taɓa komai ba tun daga kwali, yawancin TP-Link irin na gida za ka ga an rubuta farawa daga 192.168.0.100 ƙarewa a 192.168.0.199, lokacin aro kuma minti 120. Ma'ana lambobi ɗari ne a hannunta take rabawa duk wanda ya shigo. Waya na hawa waifai sai ta yi shela ga kowa da kowa cewa tana neman lamba, rauta ta miƙo mata ɗaya, wayar ta ce na karɓa, rauta ta tabbatar mata ta rubuta a littafinta, a tare kuma take gaya mata ƙofar fita zuwa intanet da DNS ɗin da za ta yi amfani da shi, wato mai fassara sunan shafin intanet zuwa lamba. Idan rabin lokacin aron ya cika, wato awa ɗaya a naka, wayar za ta koma ta ce a sabunta mata, shi ya sa za ta iya wuni da lamba ɗaya ba ka ga canji ba. Tsarin nan tsoho ne, tun 1993 yake, wanda ake bi yanzu kuma an rubuta shi a 1997.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Na'urar da aka sa wa lamba da hannu ba ta yin wannan shelar kwata-kwata, ba ta gaya wa rauta komai, tashi kawai take ta fara amsa sunan 105. A littafin rauta kuwa 105 fili ne ba mai shi. Kamar sarkin kasuwa ne yake raba rumfuna da rajistarsa a hannu, wani ya zo da dare ya kafa tebur a rumfa ta shida bai faɗa masa ba, ranar da masu neman wuri suka kai shida ai dole ya turo wani nan ɗin. Kuma da gaske ta shidan ce, ƙirga ka gani, 100, 101, 102, 103, 104, sai 105. Irin waɗannan rautocin yawanci bi da bi suke rabo daga ƙasa, kaga in na'urorin da ke karɓar aro a gidan ba su wuce biyar ba lafiya lau za a zauna, amma ranar da yara suka dawo hutu ko baƙi suka karɓi fasuwod, sai wayar wani ta tashi da 105, yanzu abu biyu kenan suke amsa suna ɗaya. Rauta ta tambaya wa ke da 105, DVR ya amsa waya ma ta amsa, saƙon kamara wani lokaci ya tafi inda ya dace wani lokaci ya faɗa wayar baƙo. Shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya kamar iska, kuma shi baƙon ma zai ce maka intanet ɗinka na yankewa. Kwamfuta mai Windows takan fito da gargaɗi cewa akwai rikicin adireshi, wayoyi da DVR galibi shiru suke yi.

Wani zai ce ai rauta na dubawa kafin ta ba da lamba. Eh, wasu suna tura ping, wato ɗan saƙon ƙwanƙwasa ƙofa, su ji ko akwai mai amsawa, wayoyi da yawa ma suna tambaya kafin su fara amfani da lambar da aka ba su. Amma wannan duba yana aiki ne kawai in DVR ɗin a kunne yake a daidai lokacin. A inda ake ɗauke wuta safe da yamma kuwa, rauta ƙila tana kan ɗan batir ko inbata, DVR a mace, ko kuma an dawo da wuta rauta ta riga shi tashi, wayoyi da ma suna da caji suna jira, waifai na bayyana suka ruga suka kwashe lambobi, shi DVR yana can yana loda had-dis ɗinsa. Ga shi ƙananan rautoci da yawa littafin aron nan a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe shi, wuta na tafiya ya goge, a sake rabo daga farko.

Gyaran DVR bai kai minti biyar ba. Ka ɗauki linzaminsa ka shiga saitin natwok a allon talabijin ɗin da yake haɗe da shi, ka mai da lambar 192.168.0.20, shikenan ya fita daga filin rabo. In mai kamara ya tafi da fasuwod ɗin DVR ɗin (abin da suka saba, ka karɓi abinka tun kuna shiri), to ka bi ta ɗaya hanyar, ka matsar da farkon rabon daga 100 zuwa 110 a rauta, 105 ya zama a waje. Ko wanne ka yi ka sake kunna rauta, sannan a kashe waifai a kunna a wayoyin gidan, saboda wayar da ta riga ta riƙe 105 ba za ta sake shi ba sai ta dawo neman sabuntawa.

Ni yadda nake raba gida irin naka, 1 na rauta ne, daga 2 zuwa 19 na kayan natwok ne kamar ƙarin rauta ko suwic mai saiti (akwatin da ke haɗa kebul da yawa), daga 20 zuwa 49 kamarori da DVR, daga 50 zuwa 99 firinta da kwamfutar tebur da makamantansu, 100 zuwa 199 a bar wa rauta ta yi rabonta, abin da ya haura a ajiye. 0 da 255 ba a ba kowa su, na farkon sunan natwok ɗin ne kansa, na ƙarshen kuma na shela ne, lambobi 254 kenan kake da su. Ba doka ba ce wannan rabon, kai dai a san iyaka. Kuma a duba iyakar a kowace rauta kar a ɗauka, domin ba duka ne suke barin fili ba, rautocin Netgear da Asus da yawa daga 2 har 254 suke rabawa, MikroTik daga 10 zuwa 254 a kan 192.168.88, masu manhajar OpenWrt kuma daga 100 zuwa 249. A irin su Netgear ɗin nan duk lambar da ka sa da hannu a cikin filin rabo take sai ka rage shi da kanka.

Firinta kuma akasin DVR ce. Ita aro take karɓa, ranar da aka haɗa ta da kwamfuta tana kan misali 103, kwamfuta ta haddace cewa firinta na 103, aka ɗauke wuta aka dawo, yau ta samu 107, kwamfuta na can tana tura aiki gidan da aka tashi. Kashewa da kunnawar da kuke yi caca ce kawai, wata rana a dace ta koma tsohuwar lambar. Tana buƙatar lambar da ba ta canzawa, kuma a nan ne ya kamata ka san hanyoyin samun hakan biyu ne ba ɗaya ba.

Ta farko ita ce wadda aka yi wa DVR, a rubuta lambar a jikin na'urar. Ta biyu a bar na'urar a kan DHCP yadda take, sai a je rauta a ce mata duk ranar da mai wannan MAC ɗin ya zo neman lamba, 50 za ki ba shi, kuma kar ki ba kowa ita. MAC shi ne lambar katin natwok ɗin na'urar, haruffa da lambobi 12 ne bibbiyu, za ka gan shi a jerin waɗanda ke kan rautar ko a takardar saitin natwok da firinta ke iya bugowa da kanta. A TP-Link sunan wurin Address Reservation, a ƙarƙashin DHCP yake. Ka kula akwai wani shafin mai suna IP & MAC Binding, mutane na yawan shiga can su cika su yi zaton sun gama, shi aikinsa daban ne, na hana wani satar lambar wani ne, ba shi ke sa a ba firinta lambar ba. A MikroTik kuma sai ka je jerin waɗanda aka ba aro ka zaɓi na'urar ka danna Make Static.

Wacce ta fi? Ga firinta da talabijin da kwamfutar tebur, ajiya a rauta na fi so nesa ba kusa ba. Komai a shafi ɗaya yake, kana kallo ka san wa ke da me, rauta ta san da zaman kowa saboda haka rikici ba ya tasowa, in ka canza DNS sau ɗaya za ka canza kowa ya samu, kuma in ka ɗauki firintar ka kai shago ko gidan wani za ta hau natwok ɗinsu ba sai an yi ta latse-latse a ɗan allonta ba. Laftof kam kar ma a sa mata lamba da hannu a katin kebul, za a je ofis a soka kebul ta ƙi hawa, a yi ta zagin intanet ɗin mutane alhali saitin gida ne ta taho da shi.

Amma kamarori na IP, wato masu hawa natwok da kansu, da NVR ɗinsu mai naɗar hotonsu, da ƙarin rauta, waɗannan da hannu nake sa musu, a wajen filin rabo. Dalili, ajiya a rauta sai rauta na raye take aiki. In ta mutu ko ta makara wajen tashi, na'urar da ta yi shela ba a amsa mata ba takan ba kanta wata lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai ka ko'ina, wasu sukan sake nema da kansu bayan ɗan lokaci wasu sai an kashe an kunna. Firinta ta yi haka da sauƙi, ka danna maɓalli ta dawo. Kamarar ƙofar gida ta yi haka da ƙarfe biyun dare kuwa, babu abin da aka naɗa kenan har gari ya waye. Da lambar hannu, in dai suwic da NVR suna da wuta za su ci gaba da ganin juna ko da an cire rautar an tafi da ita gyara. Sannan in wani ya danna risat a bayan rauta duk ajiyar da ka yi ta tafi, shi ya sa in ka gama saiti ka sauke bak'of ɗinsa, wato kwafin saitin, ka ajiye a kwamfuta, akwai wurin yin hakan a shafin kayan sarrafawa.

Shin ajiyar a cikin filin rabo za a yi ta ko a waje? Ya danganta da rautar. Rauta mai manhajar pfSense misali ba ta yarda sai a waje, wasu kuma sai a ciki suke karɓa. In taka ta ƙi 50 ta ce sai tsakanin 100 da 199 ba komai, ba ta 150, tunda ita ta rubuta da kanta ba za ta ba wani ba. Dokar "a waje" ta lambar hannu ce.

Abu ɗaya da ke ɓata ajiya shi ne MAC ɗin ya canza. Firinta mai kebul da waifai MAC biyu gare ta, laftof ma haka, in ka yi ajiya da na waifai gobe aka soka kebul wata lambar za ta samu. Wayoyi kuma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 ba sa nuna wa waifai MAC ɗinsu na asali, ƙirƙirarre suke bayarwa, kowane waifai da nasa, domin kar a riƙa bin sawun mutum. Za ka gane shi in harafi na biyu 2 ne ko 6 ko A ko E. Yawanci yana zama ɗaya a waifai ɗin gida amma yana iya canzawa, misali in an yi wa wayar risat. In lallai kana son waya ta riƙe lamba ɗaya, ka shiga saitin wannan waifai ɗin a wayar ka zaɓi MAC na na'ura sannan ka yi ajiyar. Ni dai ban ga abin da waya za ta yi da lambar dindindin ba a gida, a bar su su yi ta aro.

Wajen sa lamba da hannu gurabe huɗu ake cikawa, kuma mutane na cika na farko su yi sakaci da sauran. Lambar kanta 192.168.0.20, sai mas (Subnet Mask a allon saiti) 255.255.255.0 (Android ba ya tambayar wannan, tsawon firifis yake tambaya, ka sa 24, abu ɗaya ne), sai getwe wato lambar rauta 192.168.0.1, sai DNS, ka sa lambar rautar ko 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. In getwe ba daidai ba ne hoto zai fito tas a talabijin, a cikin gida ma ƙila ka gani, amma kana fita manhaja ta ce DVR ba ya kan layi, domin bai san ƙofar fita ba. Wannan na faruwa sosai saboda kayan kamara da lambarsu suke fitowa daga masana'anta, kamarorin Hikvision 192.168.1.64, Dahua 192.168.1.108, kaga sashe na uku 1 ne, naka kuma 0 ne, ba ma unguwa ɗaya suke ba, ba za su ga juna ba sai ka canza, Hikvision na da manhajar kwamfuta SADP da ke nemo su ko da lambar ba ta dace ba, Dahua kuma ConfigTool. Sabbin kamarori biyu in ka soka su tare duk 64 za su amsa, ɗaya bayan ɗaya ake yi. Wanda kuma rautarsa ke kan 192.168.1.1 tana rabo daga 100, ya lura 108 ɗin Dahua a tsakiyar filin rabo yake, irin ciwonka ne sak.

Ranar da za ka sauya rauta ka tuna da wannan maganar. Ka cire TP-Link ka kawo Huawei mai SIM, ita 192.168.8.1 take, ko Starlink mai 192.168.1.1, wayoyi za su hau ba matsala, duk abin da ke da lambar hannu kuwa zai ɓace ɗif. Maimakon ka bi su ɗaya-ɗaya, in sabuwar rautar ta yarda ka canza lambarta ta ciki zuwa 192.168.0.1 ka daidaita filin rabonta, kowa ya dawo kamar ba a yi komai ba.

In kana da rauta ta biyu da aka ja wa kebul zuwa sashen iyali don waifai ya kai, duba ta ita ma. Gida ɗaya mai rabo ɗaya ake so. In dukansu DHCP na kunne kuma an soka kebul a ramin LAN na ta biyun, wato ramukan cikin gida, wanda ya riga amsawa shi ke ba waya lamba, wata wayar ta samu getwe na banza ta ce ta hau waifai amma ba intanet, ga shi in su biyun TP-Link ne duka 192.168.0.1 suke amsawa. A ta biyun ne kaɗai shawarar wanda ya ce ka kashe DHCP ta yi daidai, ka ba ta 192.168.0.2, ka kashe DHCP ɗinta, ko ka mai da ita yanayin AP, wato mai ba da waifai kawai, in tana da shi. A babbar rauta kuwa kashe shi wahala ce zalla, duk baƙon da ya zo sai ka karɓi wayarsa ka cika gurabe huɗu ka kuma tuna lambar da ba ka ba wani ba, kuma ba wani tsaro da ka ƙara, mai fasuwod ɗin waifai ɗinka zai iya sa wa kansa lamba cikin minti ɗaya.

Kafin ka ba wani abu lamba ka tabbata ba mai ita, a kwamfuta mai Windows ka buɗe cmd, wurin rubuta umarni, ka rubuta ping 192.168.0.20, in an amsa akwai mai shi, arp -a kuma zai nuna maka lambobin da kwamfutar ta gani da MAC ɗinsu. Sai dai abin da ke kashe ba ya amsawa, jerin rauta ma sau da yawa ba ya nuna masu lambar hannu, don haka ka samu 'yar takarda ka rubuta DVR 20, firinta 50, rautar ciki 2, ka manna a ƙasan rautar da salatif. Bayan firinta ta zauna a 50, cire ta a kwamfuta ka sake ƙara ta da lambar IP ɗin kai tsaye, in ba haka ba tana nan tana neman tsohon gidan.

Saura abu ɗaya tunda ka ce a waya kake kallon kamara. Duk lambobin nan masu 192.168 na cikin gida ne, an ware su don haka tun 1996 tare da masu farawa da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31, ba wanda ke ganinsu daga waje. Akwai wani Static IP ɗin a shafin WAN ko Internet na rautar, kar ka taɓa shi, wannan tsakaninka da kamfanin da ke ba ka intanet ne, su suke bayarwa kuma yawanci da kuɗi, in ka cika na kanka intanet ɗin zai yanke gaba ɗaya. In layinka na SIM ne ko ƙaramin tsarin Starlink, galibi ma lambar waje ɗaya kuke rabawa da mutane da yawa, ka duba shafin bayanin rautar da ke karɓar layin, in lambar WAN ta fara da 10 ko tana tsakanin 100.64 da 100.127 to haka ne, buɗe fot a rauta, wato ƙofar da ake shigowa DVR daga waje, 8000 na Hikvision ko 37777 na Dahua, ba zai yi maka komai ba ko da DVR na da lambar dindindin. A irin wannan layin manhajar kamfanin kamarar za ka bi, Hik-Connect ko DMSS, ita DVR ne ke fita da kansa ya nemi sabarsu, abin da kawai yake buƙata daga gare ka shi ne getwe da DNS su zama daidai.